Farantin Sola a Kan Tula

A Kaltungo muka yada zango, gindin dutse,
ni da Lamela da akwatin sanyi,
kwalabe sittin na rigakafin ciwon huhu
da shanun Arɗo Jungudo ke jira can sama.
Bazara ce. Rana ta fito da fushinta.
Na shimfiɗa faranti bisa rufin mota,
na ce yau kam batir zai ci ya bar saura.

Ina!
Da azahar na ɗora tafin hannu a kansa,
na janye ba shiri, kamar na taɓa tanda.
Lambar mita sai zamewa take yi ƙasa.
Lamela na gefe yana ɓare gyaɗa:
"Likita, shi ma kamar mu yake,
zafi in ya yi yawa kasala yake kawowa.
Haske yake ci, ba wuta ba."

Da asuba muka hau.
Inda mota ta ce ta gaji, jaki ya karɓa.
Ni na goya farantin kamar ɗan fari,
igiya na cin kafaɗa,
har gidajen ƙasa suka koma kamar ƙwaryar awo.

A sama iska ta sha bamban.
Tana da sanyi a baki, kamar ruwan randa.
Na jingina shi da dutse, fuska gabas,
mita ta ɗaga kai, ta yi ta hawa,
ta wuce inda ta tsaya jiya da tsakar rana.
Rana ɗaya ce fa, ta jiya ce ta yau,
sai dai nan babu hayaƙin gari tsakaninmu,
kuma iska na yi masa fifita kyauta.

Jaɓɓo, jikan Arɗo, shekara tara,
shi ya naɗa kansa makiyayin faranti.
Rana ta gusa, ya gusa da shi.
Shi ya gano cewa reshen ɗorawa guda,
inuwar da ba ta kai faɗin takalmi ba,
in ta sauka a kusurwa, rabin ƙarfi ya tafi.
Shi ke goge kashin balbela da gefen riga,
yana zaginta da Fulatanci.

Kwana na uku hadari ya taso daga gabas.
Mu da muke sama, ba kallonsa muka yi ba,
cikinsa muka zauna.
Hazo ya shigo tanti ba sallama,
saniya na kuka, ba ka ganin ƙahonta.
Mita ta kwanta kamar mai zazzaɓi.
Na kashe fitila. Na kashe waya.
Lamela ya haƙura da rediyonsa.
Ɗan abin da ya rage a batir, na akwati ne,
muka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu,
ina kasa kunne ga ƙugin injinsa
yadda ake sauraron numfashin jinjiri.

Arɗo ya leƙo, ruwa na ɗiga daga malafarsa.
"Wata biyar muna roƙon wannan," in ji shi,
"kai kuma ka zo kana roƙon rana.
Wa za a amsa wa?"
Ban ce komai ba. Kwalba goma sha ɗaya ta rage.

Sai wajen la'asar gajimare ya tsage,
rana ta faɗo ta kafar, wankakkiya,
gefen girgije na ƙara mata fari.
Jaɓɓo ya ruga cikin taɓo, ya juya faranti yamma.
Ruwa ya riga ya wanke masa fuska tas.
Lambar da na gani, ban taɓa ganin irinta ba,
minti kaɗan ne, amma injin ya gyara murya.

Da safe muka tsikari na ƙarshe,
wani bijimi mai taurin kai da suke kira Ɗan Gombe.
Kwalbar na da sanyi a hannuna.
Ciyawa ta fara leƙowa tsakanin duwatsu,
Jaɓɓo kuma na tambayar
ko faranti yana haihuwa.